Gobarar Kasuwar Bakin Gada

Takardar kwamitin makaranta ta iso mana ranar Litinin, saura mako uku a yi zama a kanmu. Layi shida ce kacal. Ta ce ajin koyon aikin jarida da muke gudanarwa ta intanet ya shekara huɗu yana ɗaukar mutum arba'in a kowane zango, kuma makaranta ba za ta ci gaba da riƙe ɗaki da ma'aikata uku saboda mutum arba'in ba. Ko mu kawo tsarin da zai ɗauki ɗari huɗu, ko a rufe ajin a ƙarshen zango.

Mu uku ne a ɗakin. Akwai Edita, tsohon shugabana a gidan jarida, wanda ya yi ritaya ya dawo koyarwa amma sunan bai sake shi ba. Akwai Injiniya, mai kula da kwamfutoci da ɗaukar bidiyo. Sai ni, mai koyarwa da duba aikin ɗalibai. Ɗakin a da ma'ajiyar karyayyun kujeru ne, can ƙarshen baranda kusa da famfo. Tebur biyu ne a ciki, da kyamara a kan ƙafafu uku waɗanda aka ɗaure ɗaya da igiya, da shuɗin ƙyalle a bango wanda nake zama a gabansa in ana ɗauka. Fankar kuwa dole a kashe ta kafin in fara magana, don ƙararta tana shiga cikin murya. Duk darasin da na taɓa bayarwa, cikin gumi na bayar da shi.

Edita ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau ya ajiye a kanta.

"Ɗari huɗu," in ji shi. "Malama, arba'in ɗin ma da takardunsu kike tafiya gida."

"Abin zai yiwu," in ji Injiniya, bai ko ɗago daga kwamfuta ba. "In dai Malama ta yarda a rage gaisuwa."

Ina da wata ɗabi'a da ɗalibai suka daɗe suna tsokanata da ita. Ba na iya faɗawa cikin darasi kai tsaye. Sai na gaishe su, na tambayi iyali da wurin aiki, na tuna musu ƙananan abubuwan da suka zo mini a rai, sannan in buɗe littafi. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci huɗu. Gaisuwar Malama suke kiranta.

Injiniya ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Wani layi ne mai nuna yawan masu kallon darasi, ya taso daga sama ya zube ƙasa. Ya ɗora yatsa a inda ya zube.

"Nan ne kike tambayar lafiyar iyali. Mutum bakwai cikin goma tsallakewa suke yi."

"Gaida mutane ai ba laifi ba ne."

"Ba laifi ba ne, Malama. Amma mutum yana tsaye a tasha, cajin wayarsa saura kaɗan, ke kuma kina tambayarsa ya jikin tsohuwa."

Edita ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi, don gaskiya ya faɗa.

A ranar muka tsayar da shawara. Darussa goma sha biyun nan masu minti arba'in-arba'in za a yanka su gutsure-gutsure, kowane gutsure minti shida. Tambayoyin ƙarshen darasi na'ura ce za ta duba su. Za mu ɗauki sababbin mutum sittin na gwaji, su bi darussan mako biyu ba tare da malami ba, ranar zama mu nuna wa kwamiti cewa ajin yana iya tafiya da ƙafarsa.

Injiniya ya gama yankan cikin kwana huɗu, ya turo mini in duba. Na kalli darasi na farko da na biyu. Sun yi kyau, har na ji kamar wata ce mai kuzari take magana, ba ni ba. Sauran goman na ce sai gobe. Goben ta zo da aikin ɗalibaina arba'in a jibge, jibi ta zo da rubuta tsarin. Da ya tambaye ni a bakin ƙofa, hannunsa riƙe da makulli, sai na ce, "Na gani, sun yi." Ban gani ba. Ƙarya ce ƙarama ƙwarai a lokacin, ban ma ji nauyinta ba.

Makonni biyun nan ban san yadda suka wuce ba. Ina tafiya ina lissafin mutane a kaina. Arba'in ɗin da nake koyarwa na san muryar kowa, na san mai rubuta suna ba daidai ba, na san mai jin kunyar kiran hukuma a waya. Ɗari huɗu kuwa na kasa ganin fuskokinsu, sai dai lamba. Rannan na zuba wa maigidana gishiri a shayi. Ya kurɓa, ya ajiye kofin a hankali, ya ce, "Allah ya kawo mu ranar Alhamis ɗin nan lafiya, kafin ki gama da ni."

Ranar Laraba da safe, ana gobe zama, ina wanke kofuna sai Yaya ta kira. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba ni shekara tara, kuma har yau Auta take ce mini ko da a gaban ɗalibaina ne.

"Auta, kin ji abin da ya faru kuwa?"

"Ban ji ba, Yaya."

"Ke da kike koya wa mutane neman labari, kullum ni ce mai kawo miki. Gobara aka yi jiya a kasuwar bakin gada. Shago goma sha ɗaya ƙurmus. Wata mai sayar da yadi ta ƙone a hannu."

Na rufe famfo. "Wace kasuwar bakin gada? A wane gari?"

"Ba su faɗa ba. Ni dai na tura wa su Kawu, tunda akwai irinta a wajensu. Tsaya in karanta miki." Na ji tana laluben tabarau. "Wani ganau ya ce, na ga hayaƙi kafin in ji ƙara, na ɗauka shara ake ƙonawa."

Na jingina da bango, kofin yana hannuna, kumfa tana gangaro mini har gwiwar hannu. Wannan maganar ni na rubuta ta, shekara takwas da suka wuce, a bayan wata takardar jarrabawa. Ganau ɗin ni ce. Mai yadin ni ce. Shaguna goma sha ɗayan ma da goma ne, na ƙara ɗaya don kada lambar ta yi kama da ta ƙage.

A darasi na uku nake ba ɗalibai wannan gobara. Ina ba su bayanai a hargitse, irin yadda wakili yake turowa daga wurin da abu ya faru, su kuma su tsara labari. Na sa mata kasuwar bakin gada ne don ban san wata kasuwa mai wannan suna ba. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, duk garin da ke da rafi yana da gada, kuma duk inda gada take sai an kasa kaya a bakinta.

Kullum kafin in raba bayanan nakan ce, wannan gobara ba a yi ta ba, ni na ƙirƙire ta don mu koyi aiki, kada kowa ya fitar da ita waje. Shekara takwas ina faɗa, a aji mai allo da alli, daga baya a gaban kyamara. Da baki nake faɗa. Ban taɓa rubuta shi a jikin takardar ba. Kuma a cikin gaisuwa nake faɗinsa.

"Auta, kina ji na?"

"Ina ji, Yaya. Zan kira ki."

Ban gaya mata ba.

Na tarar da Edita da Injiniya a ofis. Ban zauna ba na ce wa Injiniya ya buɗe mini darasi na uku, yankakken. Ya buɗe. Ga ni nan a gaban shuɗin ƙyalle, goshina yana sheƙi, kuma kalmar farko da ta fito daga bakina ita ce: "To, ga bayanan da wakilinmu ya turo daga wurin gobarar da aka yi jiya."

Na miƙa wa Edita wayata, ya karanta abin da Yaya ta turo. Injiniya ya sha jinin jikinsa, ya fara danne-danne ba tare da an ce masa komai ba. Kafin minti goma ya gano inda labarin ya fito. Ɗaya daga cikin mutum sittin na gwaji ne, wani tela mai shekara hamsin da biyu, wanda yake da shafin labaran unguwarsu. A takardar shiga aji, inda muke tambayar dalilin son koyo, ya rubuta: "Shagona a bakin titi yake, mutane suna tsayawa su tambaye ni abin da ya faru. Ina so in riƙa faɗa musu daidai." Tun jiya da rana ya sa labarin. An kwafe shi zuwa shafukan da Injiniya ya gaji da ƙirgawa, wasu sun laƙa masa hoton wata gobara ta wani wuri, wasu sun sa masa sunan garinsu.

Edita ya sake karantawa, yana bin layi da yatsa kamar yadda yake yi wa rubutuna ina sabuwar ma'aikaciya.

"Abin haushin," in ji shi, "mutumin ya iya rubutu. Ga me ya faru, ga ina, ga yaushe, duk a layin farko. Bai ƙara ko gishiri ba."

"Laifina ne," in ji Injiniya. "Ni na yanke."

"Ka ba ni in duba," na ce. "Na ce maka na gani. Biyu kawai na kalla."

Ya dube ni, ya kawar da kai. Na fi son da faɗa ya yi mini.

Na ɗauki wayar ofis na kira Tela. Ana ɗauka na ji ƙarar keken ɗinki, sai ta tsaya. Da na faɗi ko wace ce, muryarsa ta cika da murna.

"Malama da kanta? Yau ni ne da babbar baƙuwa. Kin ga aikin ɗalibinki? Ban taɓa rubuta abin da ya yi tafiya irin wannan ba."

Na gaishe shi, na tambayi iyali da aiki, don ban san wata hanyar shiga magana ba. Sannan na ce, "Malam Tela, akwai abin da ya kamata a gaya maka tun farko, ba a gaya maka ba. Gobarar nan ba a yi ta ba. Ni na ƙirƙire ta don koyon rubutu."

Ina jin motoci suna wucewa a bakin shagonsa.

"Amma cewa kika yi wakilinku ne ya turo."

"Haka na ce."

"Ni na ɗauka irin taimakon da kuke wa ɗalibai ke nan. Ku ba mu labari mu rubuta mu fitar." Ya numfasa. "Malama, ɗazu da safe wata tsohuwa ta sauka a mota a gaban shagona. Daga ƙauye ta taso, ɗanta yana da rumfa a kasuwar da ke bakin gadarmu, wayarsa ba ta shiga. Na ce mata ai ba tamu ba ce, ta wani gari ce. Ta ce wane gari, na rasa abin faɗa. Ni na ba ta ruwa ta sha."

Na rufe ido. "Ta ga ɗan nata?"

"Ta gan shi. Yana nan lafiya, caji ne ya ƙare masa." Sai muryarsa ta sauka. "Bari in goge abin yanzu."

"Kada ka goge. In ka goge, waɗanda suka kwafa ne kaɗai za su rage, kuma babu mai sanin gaskiya. Gyara za ka rubuta. A wurin da labarin yake, da girman rubutun da ka yi labarin. Kana da biro?"

"Alli ne a hannuna, na ɗinki."

"Ya isa. Rubuta a kan tebur."

Muka tsara shi tare, layi-layi. Cewa labarin gobarar da ya fito a wannan shafi jiya ba gaskiya ba ne. Cewa babu kasuwar da ta ƙone, babu matar da ta ji rauni. Cewa aikin gwaji ne na ajin koyon jarida. Da muka zo nan ya tsaya.

"In rubuta cewa ni na yi kuskure?"

"Ka rubuta abin da ya faru. Makarantar ba ta gaya maka cewa ƙirƙira ba ce, kai kuma ka fitar ba ka kira kowa ka tabbatar ba. Duka biyun gaskiya ne."

"Sunanku zai ɓaci, Malama."

"Naka ma ka sa a kai. Shekara nawa mutane suna tsayawa a shagonka?"

"Ashirin da ɗoriya."

"To, rubuta."

Da na ajiye wayar, Edita ya tashi ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi saboda zafi.

"An yi gyara, an gama," in ji shi. "Injiniya zai sa jan rubutu a kan takardar, ƙato, wanda makaho ma zai gani. Gobe mu kai tsarinmu na ɗari huɗu yadda yake. Mutum hamsin da tara sun bi darussan lafiya. Wannan ai nasara ce."

"Na sittin ɗin fa?"

"Ba ƙarya na ce mu yi ba, Malama. Shiru kawai. Mutanen nan dalili suke nema su karɓe ɗakin nan. Ke kuma za ki kai musu shi a faranti." Ya nuna Injiniya da haɓa. "Ni na ci zamanina. Wannan fa? Matarsa cikin wata bakwai gare ta."

Injiniya sai juya linzamin kwamfuta yake yi a kan tebur. Duk abin da Edita ya faɗa haka yake. In aka rufe ajin, ni zan koma koyar da rubutu a wani sashe. Injiniya kuwa saboda ajin aka ɗauke shi.

"Gutsattsarin da ka yanke," na ce masa, "ka zubar da su?"

"Suna nan. Ba na zubar da komai."

"Kunna mini su duka."

Muka kashe fanka, muka zauna muna kallona ina gaisuwa sau goma sha biyu. Abin kunya ne mutum ya kalli kansa yana tambayar lafiyar mutanen da ba ya gani. Amma na ɗauki takarda, duk inda na faɗi wani abu da ba gaisuwa ba sai in rubuta. Kada a faɗi sunan yaro a labarin laifi. Kada a ɗauki hoton wanda ya ji rauni yana kwance. In mutum ya ce kada a ambace shi, ko matarka ba za ta ji sunan ba. In an ba ka lamba, ka sake tambaya, ka maimaita masa ita ya ji. Kada ka je wurin da ake rikici kai kaɗai, kuma ka gaya wa wani inda ka tafi. Da muka kai ƙarshe na ƙirga, abu ashirin da uku. Babu ko ɗaya da yake rubuce a cikin darussan. Duk a tsakanin ina kwana da ya yara nake sako su, kamar yadda uwa take cusa wa ɗanta magana yana ɗaure takalmi.

Na tura wa Edita takardar. Ya karanta a tsaye. A wajen na goma sha ɗaya ya tsaya.

"Wannan ai nawa ne. Ni na gaya miki shi ranar da kika kawo mini lambar da ba daidai ba."

"Ka sa ni na rubuta gyara da hannuna, ka buga shi a shafin farko. Na yi kuka a banɗaki."

"Ban san kin yi kuka ba."

"Ai ban bari ka gani ba."

Ya zauna. Ya daɗe yana goge tabarau da gefen rigarsa. Sannan ya juya wajen Injiniya. "Kai za a fi taɓawa. Me ka ce?"

"Ni dai," in ji Injiniya a hankali, "in suka ji daga bakin wani, mun mutu gaba ɗaya. Gara su ji daga bakin Malama. Ita ko labarin mutuwa za ta faɗa, sai ta tambayi lafiyar iyali tukuna."

Sauran yinin a kan sabon tsari muka ƙare shi. Abubuwa ashirin da ukun nan suka zama darasi na farko, a rubuce kuma a faɗe. Sannan muka sa doka guda: babu ɗalibin da zai wuce darasi na uku sai wani mutum ya kira shi a waya, sun yi magana a kan labarinsa na farko. Ba saƙo ba, murya. Injiniya ya ce to su wa za su yi kiran, tunda mu uku ne. Na buɗe tsohon littafina na sunayen waɗanda suka gama ajin, na fara kira ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su ɗauka ba. Wata ta ce aiki ya yi mata yawa, ta ba ni haƙuri har sau uku. Wani mai aiki a gidan rediyo ya ce, "Malama, in dai ba za ki sa ni in yi irin gaisuwarki ba, na yarda." Kafin a tashi daga aiki na samu mutum tara. Da mu uku, sha biyu. Kowa ya riƙe goma. Ɗari da ashirin ke nan. Na juya lissafin ta kowace fuska, ya ƙi kaiwa ko rabin abin da aka nema.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma muka shiga ɗakin taro. Dogon tebur ne, mutum biyar a ɗaya gefen, shugabar kwamiti a tsakiya da takardarmu ta farko a gabanta, wadda muka aika tun makon jiya da ɗari huɗu a samanta. Na gaishe su a taƙaice. Na ji Injiniya ya saki numfashi a bayana.

"Ranki ya daɗe, kafin tsarin, akwai gyara," na ce.

Na faɗa musu komai bi da bi: yankan, da cewar da na yi na gani alhali ban gani ba, da Tela, da tsohuwar da ta taso daga ƙauye. Na miƙa musu gyaran da ya rubuta. Ina cikin magana na lura da wani dattijo a ƙarshen tebur, malamin lissafi, ya zaro wayarsa yana dubawa ƙasa-ƙasa, ya mayar da ita aljihu da sauri.

Shugabar ta bari na gama. Ba ta yi murmushi ba.

"Wato kina gaya mana cewa gwajin da kuka yi don ku nuna ajin zai iya girma, shi ne ya watsa labarin ƙarya."

"Haka ne."

"Kuma ɗari huɗu muka ce, kin kawo ɗari da ashirin."

"Iya waɗanda za mu iya kira ke nan, ranki ya daɗe. Duk zangon da aka gama, za a samu sababbin masu kira daga cikin waɗanda suka fita. In an ba mu lokaci lambar za ta hau. Amma ba zan iya cewa za ta kai ɗari huɗu bana ba."

"In muka ce ɗari huɗu ko a rufe?"

Na tuna matar Injiniya, wadda ta taɓa aiko mana da labulen tagar ofis. "To sai dai a rufe," na ce.

Malamin lissafin ya yi gyaran murya. "Shugaba, in an yarda in ce wani abu. Labarin gobarar nan ni ma ya zo mini. Na tura wa mutum shida." Ya dubi tebur. "Gyaran kuwa yanzu na fara ganinsa."

Suka ce mu jira a waje. Muka tsaya a baranda kusan rabin awa. Edita yana karanta sanarwar da ke jikin allo, wadda ta shekara biyu a wurin. Injiniya ya sha ruwa a famfo sau uku.

Da aka kira mu, shugabar ta karanta daga takarda. Zango ɗaya, mutum ɗari da ashirin. A ƙarshensa mu dawo da sunan kowane ɗalibi da ranar da aka kira shi. In lambar ba ta hau ba a zango na gaba, maganar rufewa tana nan. Ɗakin kuma za mu raba shi da masu koyar da harsuna, su safe mu yamma.

"Yamma," in ji Injiniya da muka fito. "Lokacin da ɗakin ya fi zafi, kuma ba fanka."

"Ka gode wa Allah akwai ɗakin," in ji Edita.

Ni ban bi su ofis ba. Na tsaya a inuwar baranda na kira Yaya.

"Sai yanzu, Auta? Tun jiya nake jira. Su Kawu sun ce ba wajensu ba ne. Kin gano garin?"

"Yaya, ba a yi gobarar ba. Ni na rubuta ta."

Na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne.

"Wato mai yadin nan da na yi ta yi wa addu'a, babu ita."

"Babu ita."

"To Allah ya kai ladan inda ake buƙata." Ta ja tsaki kaɗan. "Tun kina yarinya kike ƙirƙirar mutane, Inna tana cewa a ƙyale ki."

"Zan turo miki gyaran yanzu. Duk wanda kika tura wa labarin, ki tura masa."

"Ke, kin san ko mutum nawa ne? Sun fi arba'in."

"Na sani, Yaya. Ki fara da su Kawu. In akwai wanda ba ya karatu, ki ba ni lambarsa in kira shi."

Na sake jin tana laluben tabarau.

"Kina da biro a kusa?" in ji ta.

Na zauna a kan dakalin baranda, na juya bayan takardar tsarin, na ce ta fara.